Idon Hagun Mai Agogo

Gyaran agogo yake yi a wata 'yar rumfa kusa da ƙofar asibitin koyarwa, amma abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne idonsa na hagu. Tun yana matashi wani likita ya haska fitila a ciki ya ga wani tabo a can bayan idon, a tantanin da ke karɓar haske. Irin tabon nan sai a littafi. Bai hana shi gani ba, sai ma ya ba shi suna. Duk shekara in an kawo sababbin ɗalibai, a aiko a kira shi. Ya sa rigarsa mai kyau, ya hau kujera a ɗaki mai duhu, a ɗiga masa magani, ɗalibai su yi layi suna leƙawa. A gida kuwa ba a isa a soya albasa yana kusa ba, wai kada a ɓata wa asibiti kayan aiki.

Wata shekara aka yi shiru. Matarsa ta ce wataƙila tabon ne ya tsufa. Ya rufe rumfa ya tafi wurin shugabar sashen ido, wadda ita ma a idonsa ta koyi aiki. Ta zaunar da shi gaban kwamfuta, ta yi ta nuna masa hotunan bayan ido, wannan da jini, wancan da kumburi, wani irin na masu ciwon sukari. Ta ce yanzu da waɗannan ake koyarwa.

Tausayi ya kama shi, ya tambaya ko mutanen nan suna samun sauƙi. Ta yi masa bayani cewa ba idon kowa ba ne, kwamfutar ce ta nazarci hotuna na gaske masu yawa har ta iya ƙirƙiro nata. Sannan ta buɗo masa tabo irin nasa, allo cike, har da waɗanda suka fi nasa girma.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To me suka fi ni da shi?"

Ta ce, "Baba, su ba sa raɗa wa ɗalibai amsa ranar jarrabawa."

Bai musa ba. Ya ce yaran ne ke zuwa a tsorace, shi kuma ba ya iya ganin ɗan mutum cikin wahala.

Watanni ya yi yana fushi, ko ma'aikatan sashen suka kawo agogo sai ya ce su kai wa kwamfuta. Ana haka 'yarsa ta lura yana laluben ƙananan kusoshi a kan tebur, ta ja shi asibiti da ƙyar. Wata sabuwar likita ta duba shi. Ya miƙa mata idon hagu cikin isa, ta leƙa ta wuce, ta tsaya a kan na dama, wanda ba wanda ya taɓa kulawa da shi. Ta ce tantanin ya fara yagewa a gefe, ta sha ganin irinsa a allo. A satin aka yi masa aiki, idon ya tsira.

Yanzu ya koma kan agogunansa. Duk wanda ya zauna a bencin rumfar sai ya ji labarin likitar nan, da yadda hannunta ke da sanyi. Yakan ƙara da cewa ɗalibarsa ce. Matarsa ta tuna masa cewa yarinyar ba ta taɓa ganinsa ba sai ranar, ya ce ai malamarta a wurinsa ta yi karatu, don haka jika ce.