Ranar da aka hana ni ɗaukar makarar mahaifiyata

Shekarun baya, taubashina, ɗan kawuna, ya ture ni daga jikin makarar mahaifiyata a gaban jama'a. Mun fito da ita za a kai maƙabarta, na matsa zan sa kafaɗa, sai ya sa hannu ya tare ƙirjina ya ce, "Kai matsa, kar ka kayar mana da Gwaggo. Tumbinka ma da ƙyar kake kai shi masallaci." Wasu har da murmushi. Da na yi magana daga baya aka ce ai wasan taubasai ne. Wasa a kan gawar uwata!

Gaskiya lokacin na yi ƙiba ta banza. Kayan babur nake sayarwa a nan Daura, wuni nake a zaune, daga fura sai tsire sai lemo. Bayan sadakar arba'in na fara gudu da sassafe a hanyar Kongolam. Dattawa masu dawowa daga masallaci sai su tsaya: "Lafiya, Malam? Wa ya biyo ka?" In ce lafiya lau, ina haki kamar tsohon jaki.

Watanni ina yi. Na ɗan ragu, sai abin ya tsaya cak, tumbi na nan, gwiwa na ciwo. Ana haka wani dattijo ya rasu a unguwarmu, na ce yau zan gwada kaina. Ina karɓar makara kafaɗata ta hau rawa, ban yi nisa ba wani ya karɓe ni. Abin da ya fi ƙona min rai a ranar, ashe ɗan banzan taubashin nan nawa gaskiya ya faɗa.

Maƙwabcina, tsohon soja, ya ga abin da ya faru. Da yamma ya same ni a ƙofar gida ya ce, "Gudun nan naka shi kaɗai ba zai kai ka ba. Kana zubar da kitse kana zubar da tsoka tare. Tsoka kuwa murhu ce, ko kana zaune a shago tana cin itace." Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan na gane.

Gwangwanaye biyu muka cika da siminti, muka soka ƙarfe a tsakani. Yau gudu, gobe ɗaga ƙarfe da tsugunne-tashi a zaure. Ya hana ni yin gaggawa, ya kuma raba ni da lemo. Ranar farko ko ruku'u da ƙyar na yi. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, tunda ƙarfi ake nema, ga jarkokin ruwa can suna jira." Na zaci zolaya ce, ashe da gaske take. Har yau ni ke ɗebowa.

A hankali wanduna suka fara zamewa, gwiwa ta daina ƙara. Tun daga nan ba a yi jana'iza a unguwarmu ban sa kafaɗa ba. Na gode wa Allah, na gode wa sojan nan. Amma uwa ɗaya ce, sau ɗaya ake kai ta, wannan ba ya dawowa.

Bara muka haɗu da taubashin nawa wajen suna a Mashi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, ina ka kai tulun?"

Na ce, "Bakinka ne ya fasa shi, kuma na gode, don da ba ka wulaƙanta ni ba da har yanzu ina zaune. Na yafe maka saboda kawu. Amma daga yau ni da kai sai gaisuwa, wasa ya ƙare."