Maɓallan da Na Haɗa wa Inna

Shekarun baya, muna zaune a Gyadi-Gyadi, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke mata ɗif. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ta daina cin abinci, sai hawaye kawai. Mu yi ta canke: filo ne? Zafi ne? Sai dai ta kau da kai.

Lokacin ina koyon rubuta manhaja, kai ya fara girma, na ce ai wannan aikina ne. Na jera mata maɓallai a waya, kowanne da hotonsa, in ta danna wayar ta faɗi kalmar. Don gudun wahala, umarni ɗaya na rubuta, ya bi jerin kalmomin yana ƙera maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Na miƙa mata ina wani ciccika. Ta danna hoton kofi, waya ta ce, "Barci." Ta danna wani, "Barci." Ko'ina ta taɓa, barci! Inna ta yi min wani irin kallo.

Na tari adaidaita sai Tarauni, wajen ƙawata da ta riga ni shiga harkar. Tana dubawa ta sheƙe da dariya.

"Ke, ai ba ki ba maɓallan kalmar ba! Wuri ɗaya kika nuna musu, kika ce in an danna su leƙa can. Kafin Inna ta danna, umarnin ya gama zagayensa tuni, kalmar ƙarshe ce kaɗai ta rage a wurin. Ki danƙa wa kowanne tasa tun ana ƙera shi."

Gyaran bai kai rabin layi ba.

Da na koma, Inna ta bi hotunan da yatsa a hankali. Ta wuce ruwa, ta wuce abinci, sannan ta danna.

"Haƙori."

Ta sake dannawa, tana kallona.

Yayata ta haska mata baki da tocila, sai ga dasashi ya kumbura suntum. Ashe duk kwanakin nan a kan ciwo muke ta ɗura mata tuwo, muna cewa ta daure.

Ikon Allah! Na sha rubuta manyan ayyuka tun daga lokacin, amma ban taɓa ganin abin da ya girgiza ni kamar wancan guntun layin ba. Washegari aka cire haƙorin. Da yamma ta shanye kunu tas, ta miƙo min kofin in ƙaro.