Guɗar Yaya a Filin Ƙanƙara

A unguwarmu ta wajen Ƙiblatain, in aka yi biki a gidan Hausawa ba a ji guɗar Yaya ba, mata kan ce taron bai yi armashi ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. A Madina aka haife mu, kakanninmu ne suka zo hajji suka zauna, amma Yaya ta riƙe al'adar Kano kamar jiya ta baro ta. Ta rangaɗa wa 'ya'yan kowa guɗa, amarya da mai saukar Alƙur'ani, har da wadda ta samu aikin asibiti. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi wa ba, 'yarta ta fari.

Alkunya ce. Ba ta faɗin sunan yarinyar, ba ta yabonta, balle ta rungume ta. In za ta yi maganarta sai ta ce da ni, "'Yarki ba ta ci abinci ba." Ni kuwa na karɓi kyautar da hannu bibbiyu, tunda Allah bai ba ni tawa ba.

Ni ce na fara kai yarinyar wani babban kanti mai ɗan filin ƙanƙara a tsakiya, ba don komai ba sai don mu guje wa zafin gari. Aka ɗaura mata takalmin haya mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Sauran yara suna manne da bango, ita ta sake shi. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa tana ƙyalƙyala dariya. Da ƙyar na fito da ita ranar.

Wasa-wasa abu ya zama gaske. Filin kantin ya yi mata kaɗan, muka koma hawa jirgin ƙasa zuwa Jidda duk ƙarshen mako, wurin wata mai horarwa da ban taɓa ganin haƙorinta ba. Uban yarinyar yana aiki a matatar mai a Yanbu, nasa addu'a ce da sayen takalmi. Ni ce 'yar rakiya, har na san kan wasan. Mace ita kaɗai take shiga fili, ta yi zamiya, ta yi tsalle ta juya a sama ta dira da ƙafa ɗaya, ta yi ta juyi kamar katantanwa, alƙalai suna ba da maki. In ta faɗi su rage. Har gobe ban yafe wa alƙalan nan ba. Mutum ya sha ƙasa a kan ƙanƙara, maimakon a ce masa sannu, sai a ƙwace masa maki?

Gasarta ta farko ita ta zo ta ƙarshe. Daga baya ta fara kawo lambar tagulla, sau ɗaya har ta azurfa daga Riyad. Yaya ba ta taɓa zuwa kallo ba. In mun dawo, sai ta dubi lambar ta wutsiyar ido ta ce, "To, madalla. A ɗauke takalman nan daga kan darduma." Amma na san wadda ke dafa ruwa ta miƙo mini da tawul ta ce in gasa wa 'yata ƙafa. Na kuma san wadda ta ɗinka rigar gasar mai dogon hannu, da ɗankwalin da ba ya zamewa komai juyi. Cewa ta yi in an tambaye ni in ce tela ne.

Wata rana a jirgi yarinyar ta jingina da kafaɗata. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayarwa, kamar sauran sa'o'inta.

"Ya Khala," ta ce, don haka Larabawa ke kiran ƙanwar uwa, "kin ga iyayen sauran? Ihu suke yi, habibti, habibti, 'yar lelena. Ita ko sunana ba ta iya faɗa."

Na ce alkunya ce, haka ake yi wa 'yar fari.

"Wace irin kunya ce mutum zai ji kunyar 'yarsa?"

Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Muna isa gida na tarar da Yaya a kicin.

"Yaya, yarinyar nan fa 'yar Madina ce. Ba ta gane karatun kurman nan naki."

"Ni Inna ta taɓa faɗin sunana?" ta ce, ba ta ko juyo ba. "Na mutu?"

"Ba ki mutu ba. Amma ke da bakinki kika ba ni labarin kukan da kika sha."

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Ana nan sai gwiwar yarinyar ta fara ciwo. Likita ya duba ya ce ta yi gasar da ke gabanta in ta matsa, amma daga ita shi ke nan. Na gaya wa Yaya, ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da tsinar shinkafarta. Na ji kamar in kifar da tiren.

Ranar tafiya da safe, sai ga Yaya da abaya da jaka. Wai za ta duba wata mara lafiya a Jidda. Ban tambayi sunan mara lafiyar ba. Da muka sauka kuma ta ce ai sai da yamma ake barin masu dubiya, bari ta bi mu ta jira. Ta zauna kusa da ni a zauren gasar, ta ƙudundune cikin babban mayafi, tana jan carbi tana mitar sanyi, idonta a kan rufi.

Aka kira yarinyar, kiɗa ya tashi. Tsallen farko gwiwar ta ƙi, ta faɗi tim a kan kwankwaso. Na ji farcen Yaya ya nutse a cinyata, shaidarsa ta daɗe ba ta ɓace ba. Yarinyar ta miƙe. Ta ci gaba, ta dira sauran tsallen lafiya, ta ƙare da juyin nan nata har rigar ta buɗe kamar lema. Ta tsaya tana haki. Mutane suka yi tafi irin na ladabi. Ta ɗago ta dubi inda nake zama, kamar kullum.

Sai na ga Yaya ta miƙe ta kama hanci.

"Ayyiririii yiriii!"

Zauren gaba ɗaya ya waiwayo, har alƙalan nan marasa imani. Yarinyar ta san muryar, ta ji ta a bikin 'ya'yan kowa tun tana goye. Ta tsaya a tsakiyar ƙanƙara ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ni ma kukan nake yi, ban ɓoye ba.

Ba ta samu lamba ba ranar. Ta fito tana ɗingishi, jikinta yana ɓari, ta tsaya a gaban uwarta. Da Hausarta mai karyayyen harshe ta ce, "Umma, ke ce kika yi?"

Yaya ta kawar da kai, ta dube ni.

"Gaya wa 'yarki ta rufe jikinta kafin mura ta kama ta."

Ta cire mayafin nata ta miƙo mini. Na harɗe hannuwana a ƙirji na ce nawa sun gaji, na yi shekaru ina yi. Ta harare ni, na harare ta. Yarinyar tana tsaye tana jira.

Yaya ta matsa ta yafa mata da kanta. Ta gyara gefen dama, ta gyara na hagu, ta sake komawa na dama, alhali babu abin da ya karkace.