Ranar da na tafasa ƙoren Inna

Wata uku kacal na yi da kama aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a shekarun da ake ta maganar mulkin kai, amma a gidanmu kai ka ce ni ne babban likita. Farar riga nake komawa da ita gida don 'yan unguwa su gani. Abin da na iya bai taka kara ya karya ba: in shafa abu a kan ɗan gilashi, in ɗiga masa shuɗin ruwa, in leƙa a madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta. A nan na fara ganin ƙwayoyin atini, wasu 'yan sanduna ƙanana, kuma tun daga ranar na daina yarda da komai.

Innarmu kuwa nono take yi. Daga Inkil ake kawo mata madara, ta dafa, ta bari ta huce, ta zuba ludayi ɗaya na nonon jiya a ciki, ta rufe da faifai. Wannan ludayin shi take kira iri. Daga ƙwaryar mahaifiyarta ta zo da shi ranar da aka kawo ta cikin gari, bai taɓa yankewa ba, ita kuma tsohuwar ta rasu ban yi wayo ba. Har daga Jiyare, unguwar Turawa, masu dafa wa manya abinci suke zuwa saye.

Tsautsayi ya sa wata rana na ɗebi ɗigo ɗaya na tafi da shi aiki. Da na leƙa, wayyo Allah! Sanduna ne fal, ba masaka tsinke. Na ce ashe atini muke sha da fura tun muna yara, kuma Inna tana raba wa rabin Bauchi.

Ban tambayi kowa ba, ai ni masani ne. Na tarar ta tafi suna Yelwa, sai na zage. Na kwashe nonon duka na zubar a bayan gida, har da 'yar ƙwaryar irin. Na tafasa ruwa na antaya wa ƙore, na dirje su da sabulu, na kife su a rana, na zauna ina jiran a yi mini godiya.

Da ta dawo ta tsaya tana kallon ƙoren. "Kai, wa ya mutu?" Na yi mata bayani dalla-dalla, har ina zana sandunan a ƙasa. Ta ce, "Irin fa?" Na ce shi na fara zubarwa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmi, ni kuma na ɗauka ilimina ne ya kashe mata baki.

Washegari na ba wa shugaban ɗakinmu labari ina ƙafafa. Dattijo ne mai tabarau, Baba muke ce masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Buɗe bakinka." Ya goga auduga a dasashina, ya shafa a gilashi, ya rina, ya tura mini madubin. Innalillahi! Abin da ke bakina ya ninka na nonon: masu zagaye, dogaye, wasu a jere kamar carbi.

"To, likita, yaushe za ka tafasa bakin naka?"

Ya ce kowane mai lafiya da nasa a baki da hanji da fata, 'yan gida ne, su ma suke tare wa baƙi masu cuta wuri. Sannan ya sa aka sayo nono, ya rina shi da rini biyu maimakon ɗaya, ya rina na mai atini haka. Na nono suka fito kalar makuba, na atini suka fito ja. Ya ce na nonon su ne ma suke sa madara ta yi barci, wato ta kama ta zama nono. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

A gida madarar Inna ta ƙi barci. Kwana uku tana tsinkewa, ruwa daban, gudaji daban, ga wari. Ni da kaina na hau keke na je Inkil, na durƙusa gaban wata tsohuwa a ruga na roƙi ludayi ɗaya na iri. Na riƙo shi da hannu ɗaya har gida, kamar mai ɗauke da jariri.

Da safe nono ya yi barci, fari tas, ya kama gam. Na yi ta murna ina cewa ai ga shi komai ya gyaru. Inna ta ɗiba ta kai baki, ta daɗe ba ta haɗiye ba.

"Ya yi daɗi, Allah ya yi maka albarka," in ji ta. Ta goge bakin ludayin da gefen zanenta. "Sai dai ba na uwata ba ne."