Kotun Duniya a Gidan Haya

Tela ne tun yana saurayi har gemu ya yi fari, bai taɓa taka ƙofar kotu ba. Sai dai rediyonsa kullum tana gefen keke tana zuba. A nan ya ji yadda ake tsara kotun duniya, abin ya kwanta masa a rai. Da ido ya fara kasa zura zare a allura, sai ya ce saura hidimar adalci.

Ya tara 'yan gidan hayarsu a tsakar gida, ya ce, "Daga yau kowane ɗaki ƙasa ce. Wadda ta amince ta shigo, kotu na da iko a kanta."

Ya naɗa kansa shugaba. Ƙaninsa ya zama mai gabatar da ƙara, direban ɗakin ƙurya magatakarda. Alƙalai sashe uku ne: share fage, shari'a, ɗaukaka ƙara. Duk ukun Tela ne, hula kawai yake sauyawa.

Matarsa ta ƙi shiga. "Malam, ɗakin girki ƙasa ce mai 'yancin kanta. In kana son cin abinci, ka girmama iyaka."

Ƙarar farko a kan mai gyaran famfo ce, saboda safar da yake shanyawa a igiyar kowa. Ƙanin Tela ya ce warin nan cin zarafin bil'adama ne. Aka ba da sammacin kamu.

"Yaya, wa zai kamo shi?"

"Kotu ba ta da 'yan sanda. Duk ƙasar da ya shiga, ita ke kamawa."

Mai famfo ya daina shiga ɗakin kowa. Yakan gaishe su daga nesa, ya wuce ɗakin girki, matar Tela ta zuba masa shayi.

Ana nan bututu ya fashe a ɗakin Tela. Aka kira mai famfo, ya ce shi ba zai kai kansa mahauta ba. Tela ya sa hular ɗaukaka ƙara, ruwa har idon sawu, ya saurari kansa da kyau, ya ƙi soke sammacin. A kan teburin yanka yadi ya riƙa kwana har ɗakin ya bushe.

Ranar da Tela ya rasu, mai famfo ya zo da jajayen idanu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sammacin nan ya faɗi?"

Ƙanin Tela ya share hawaye. "Irin wannan laifi ba ya tsufa."

Mai famfo ya jira a waje. Da aka fito da makara, shi ya fara sa kafaɗa.