Randar Malam Sammani

Ranar Talata, tara ga Mayu, 2000, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Sammani Mati a gidansa da ke Gobarau, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Wanda Ya ba mu shi ne Ya karɓi abinsa, kuma can duk za mu tarar da shi. Shekara ashirin da biyu muka yi tare a firamaren nan ta bayan Ƙofar Marusa, tara daga ciki ina hedimasta, shi yana riƙe da aji huɗu. An ce in rubuta ta'aziyya, an kuma roƙe ni in sassauta harshe. Zan rubuta, amma ban ɗauki alkawarin sassautawa ba.

Malam, duk wanda ya bi ta ajinka, makon randa yake fara tunawa. Kowace shekara, makon farko na Yuni, sai ka ɗauro randa a bayan kekenka, kana turawa a ƙasa, mutanen unguwa suna tsokanarka wai amarya za ka kai wa gara. Ka girke ta a gindin darbejiya, ka ce wa yara a makon nan ita ce littafinsu. Ran Litinin ka jera su zuwa gidan Gwaggo Mairo mai ginin tukwane, su ga yadda ake kwaɓa yumɓu, su dawo su rubuta abin da suka gani da Hausa, ka ba su sunayen kayan da Turanci. Washegari lissafi: moɗa nawa ke cika bokiti, bokiti nawa ke cika randa, ina rabi, ina kwata, ana jan layi da gawayi a jikinta. Yaran da suka shekara suna kuka da darasin kashi-kashi, a ranar suke gane shi.

Laraba ce ranar da na fi so. Ka ajiye jarkar roba kusa da randa, ruwa iri ɗaya, inuwa ɗaya, da azahar ka ce kowa ya tsoma yatsa. Sai ka jiƙa musu bayan hannu ka ce su hura, su faɗi abin da suka ji. A nan wata yarinya, Ramla, ta yi tsalle ta ce randa gumi take yi, shi ya sa cikinta ke sanyi. Ka yi dariya har hularka ta faɗi. Daga nan ka kai su tsofaffin rijiyoyin birni da hasumiyar Gobarau, ka nuna musu ƙasar da ta gina randa ita ta gina birninsu. Ran Juma'a kuma ruwan alwala da tsabta: a rufe randa, moɗar ɗiba daban, ta sha daban.

Bara, sati ɗaya bayan sojoji sun koma bariki, muna ta murna wai lokacin jin maganar talaka ya zo, sai ga sufeto daga ofis. Ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ran Talata ce, ya tarar da yara a waje suna awon ruwa. Yana zuwa ya ce ƙishi yake ji. Da hannunka ka ɗebo masa, ya shanye moɗa biyu, ya ce bai taɓa shan ruwa mai sanyin wannan ba. Ya goge baki ya nemi littafin shirin darasinka. Ya ga take ɗaya tal a kan mako guda, ba shafin lissafi daban, ba na kimiyya daban. Ya duba jadawali, ya duba agogo.

Ka ce masa: "Ranka shi daɗe, ai lissafin ne muke yi. Tambayi kowane yaro ka ji."

Bai tambayi ko ɗaya ba. Ya shiga ofishina ya rubuta cewa ba ka bin tsarin koyarwa, kana ɓata wa yara lokaci da wasan ruwa da laka. Mutumin da bai taɓa riƙe alli na wata uku a jere ba, shi ne ya yanke wa shekarunka ashirin da biyu hukunci cikin minti goma, da ruwanka a cikinsa.

Jiya na ga wannan mutumin a zauren gidanka, ya naɗe ƙafa a kan tabarma, yana gaya wa masu gaisuwa cewa an yi rashin malamin da babu irinsa. Wallahi sai da na fita waje, don kada in yi abin kunya a gidan makoki. In babu irinsa, don me kuka ɗauke shi daga ajinsa? Don me kuka jefa mutum mai shekara hamsin da shida da ciwon ƙirji wani ƙauye can gaba da Batagarawa, yana tuƙa keke safe da yamma, ga rana ga ruwan sama? Ajali na Allah ne, ban yi jayayya da wannan ba. Amma wahalar wata goma sha ɗayan nan mutane ne suka rubuta ta, da biro.

A ƙasan takardar nan ta sufeto, wadda ta jawo aka mayar da kai ƙauye, akwai gurbin sa hannun hedimasta, kuma sunana ne a wurin: Haruna. Na karanta ta, na san ƙarya ce, na sa hannu. Lokacin ana ta raɗe-raɗin za a sauya hedimastoci, kowane sabon kansila da nasa ɗan gidan, ni kuma na ji tsoron kujerata. Ni na sa aka ɗauke randar aka kulle a sito. Saboda haka duk abin da na faɗa a kan sufeto, rabi nawa ne, kuma nawa ya fi muni, don shi bai san ka ba.

Sau uku ka biyo ta makaranta bayan an mayar da kai ƙauye. Ka gaishe ni da girmamawa, ka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ba ka taɓa ta da zancen takardar ba. Zuwanka na ƙarshe, kana dafe da keke kana haki, abin da ka ce kawai shi ne: "Hedimasta, randar dai ba ta hwashe ba ko?" Na ce tana nan lafiya. Kalmar ka yafe mini tana bakina, na haɗiye ta, na ce sai wani zuwan.

Yau da safe na je ofis na nemi a cire takardar daga fayil ɗinka. Magatakarda ko ɗago kai bai yi ba, ya ce fayil ɗin mamaci an rufe shi. To, su riƙe fayil ɗinsu. Ga shaidata a fili, da hannun da na sa a waccan takardar: abin da aka rubuta a kan Malam Sammani ƙarya ne, bai taɓa ɓata wa yaro minti ɗaya ba. Na fito da randar, na wanke ta da kaina. Ran Litinin, biyar ga Yuni, za ta koma gindin darbejiya, ni zan ɗauki aji huɗu, kuma take ɗaya zan rubuta a littafin darasi. Sufeto ya san hanya, ya zo ya rubuta ni.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Sammani, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci. Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara, shi da ya shayar da wanda ya cuce shi. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa Malama Binta, da 'ya'yansa, Mahmud da Rashida da ƙannensu, da ɗalibansa duk inda suke. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Malama Binta, gafarar da na kasa nema a wurinsa yana tsaye a gabana, yau ita nake roƙo a wurinku.