Jan Gemu a Hanyar Tawa

Talata: Sakkwato zuwa Ƙonni

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ina sallame salla, na rataya jakata na bar gida a Ƙofar Kware. Maiɗakina Tumba ta biyo ni har zaure da ƙunshi biyu a tsumma, tana ta bayani: wannan kafin wancan, kada ka kuskura ka yi kaza. Na ce mata, "Ke, mutumin da ya yi aji ukku na elemantare za ki koya ma shafa ganye ga kai?" Ban saurara ba. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso.

Tafiyar ba tawa ba ce, rakiya na yi. Malam Bulus mutumin kudancin Zariya ne, shekara talatin da ɗaya yana koyar da Turanci a Sakkwato. Ashirin da shida daga ciki ni ne masinjan makarantar, shi yana ciki da alli, ni ina bakin taga ina tsintar abin da ya faɗo. A shekarar da soja suka yi ta sallamar ma'aikata ta rediyo aka kira sunansa. Ba sata ya yi ba, ba fashin aiki ba. Takardar cewa ta yi tsufa. Aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya fita daga gidan gwamnati, ga autarsa tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Ƙasa cike da kuɗin mai, ana ɗebo malamai daga Indiya a jirgin sama, namu kuwa an ce ya je ya huta.

Sai ga labari daga Tawa, can Nijar, cewa wata makaranta mai zaman kanta tana neman malamin Turanci wanda ya ji Hausa, amma kada ya wuce shekara arba'in da biyar. Malam yana da hamsin da bakwai, kansa da ɗan gemunsa fari fat kamar auduga. Ni na ba da shawara ya aika da hotonsa na ranar aure, muka sa almakashi muka cire amarya. Amsa ta zo, ya je a gan shi ranar Alhamis. Uwata Ba'adara ce, watau 'yar can yankin, ina da ɗan kawu a Tawa, saboda haka na naɗa kaina ɗan rakiya kuma likitan furfura.

A tasha na iske shi da matarsa Saratu. Ya sa kaftani da hula, kwat ɗinsa tana cikin akwati don kada ta yamutse.

Saratu ta ce, "Baba Garba, ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

Na ce, "Sai dai in dawo miki da saurayi. Ki tahi ki sake kitso."

Muka shiga akori-kura, naira ɗaya da rabi kowa zuwa Illela. Bakwai saura ashirin muka tashi, bakwai da minti goma muna Kware, gero ya yi kai dama da hagu. Bayan Gwadabawa muka tarar da shingen soja. Wani dogon soja ya zazzage jakata, ya kwance ƙunshi ɗaya, ya ga busasshen ganye, ya shinshina.

"Baba, wiwi kake kaiwa?"

"Ni? Ko taba ban taɓa sa ma bakina ba."

"Ka bar shi nan, ko ka sauka da shi."

Na bar shi nan, raina fari. A ganina Tumba biyu ta ba ni don ɗaya ya zama ajiya.

Tara da rabi muka isa Illela, mil hamsin da 'yan kai. Muka wuce kwastan namu, muka wuce nasu da suke kira duwan, muka canza kuɗi. Daga nan babu sauran mil, sai kilomita, watau hanya tana nan yadda take amma lamba ta ƙaru. Motar Tawa sai da safe, don haka muka sauka gidan wani mai masauki kusa da tashar Ƙonni, muka ci kilishi da dogon burodin nan nasu mai fasa dasashi.

Bayan la'asar na kai Malam bayan rumbu, inda ba wanda ya san shi. Na kwaɓa garin da ya rage, na shafe masa kai da gemu da hannuna tsirara, na naɗe da tsumma. Yana zaune bisa turmi kamar yaron da aka kawo wa wanzami.

Ya ce, "Garba, shekara talatin ina horon yara a kan ƙarya."

Na ce, "Wanga ba ƙarya ba ne, Malam, gyara ne. Ko ɗaki ana yi mai yaɓe in baƙi za su zo."

Sai magariba muka wanke. Cikin duhu-duhun nan na duba, na ga kai ya yi duhu, na ce masa ya koma ɗan talatin.

Laraba: Ƙonni zuwa Tawa

Dariyar matar mai masauki ce ta sanar da mu. Ta kawo koko, ta ga Malam, ta ajiye ƙwarya ta riƙe ciki. Malam ya ciro madubi. Kai da gemu ja wur kamar an tsoma su a manja.

Matar ta ce, "Ina babanku? Lalle ai sai an bi shi da ganyen baba yake komawa baƙi. Ko ba wadda ta gaya muku?"

An gaya mini. Baban yana hannun dogon soja bayan Gwadabawa. Na duba hannuwana, su ma ja har wuyan hannu. Kafin in buɗe baki mota ta yi oda, ƙarfe bakwai daidai.

Babbar mota ce mai ɗaukar albasa. Direba yana ganin jan gemu ya rusuna ya ce, "Alhaji, bisimilla, shigo gaba." Kun san a wajenmu wanda ya rina gemu da lalle ko malami ne ko ya je Makka. Malam ya so ya yi magana, na taka masa ƙafa. Shi gaba bisa kushin, ni baya bisa buhu. A shingen farko jandarma, ɗan sandansu na hanya, bai ko nemi takardarsa ba, addu'a ya roƙa. Da ya zagayo baya ya ga hannuwana sai ya ce, "Tsoho, yaushe anka ɗaura? Ina angon?" Daga nan har Tawa sunana Amarya.

Kilomita ɗari da talatin ne kacal, amma motar ba ta ganin ƙauye ta wuce. Ƙarfe biyu saura, kusa da Badagishiri, taya ta fashe. Muka sauka gindin wata gawo, aka yi alwala, aka ja sahu. Sai jama'a suka juya suna neman Malam, wanda ya raɓe jikin mota. Mutum biyu suka kamo hannunsa.

"Alhaji, bisimilla. Ga ka, wa za ya shiga gaba?"

Malam ya cire hula, jan kan nan yana walƙiya a rana.

Ya ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Sunana Bulus, ni Kirista ne, malamin makaranta. Wannan jan rini ne. Aiki nake nema, na so in ɓoye tsufa, abin bai yi ba."

Can sai wani dattijo mai rawani, da aka ce da shi Alhaji Kaka, ya fashe da dariya har yana share hawaye. Ya ce, "To Malam, tsare muna kaya mu yi salla." Ni aka tura gaba. Allah Ya karɓa, don na san akwai waɗanda hankalinsu yana kan hannun liman.

Ƙarfe biyar muka shiga Tawa. Ɗan kawuna Alhaji Mamman, falken shanu, ya tarbe mu da fura da cuku. Na ce bari in zaga kasuwa in nemo baba a gyara ɓarna. Malam ya ce, "Zauna, Garba. A kira mini wanzami." Aka aske kai da gemu tas.

Alhamis: makarantar

Ƙarfe takwas muna bakin ofis, Malam cikin kwat, takardunsa na shekara talatin da ɗaya ɗaure da igiya bisa cinyarsa. Masu neman aikin su uku ne. Akwai wani saurayi daga bakin teku mai tulin gashi da takalmi mai tudu. Akwai kuma wani Bature matashi, gashi har kafaɗa, wanda motarsa ta mutu a hamada yake neman abin da zai yi. Baturen ya miƙo wa Malam wasiƙarsa ya duba masa. Ashe Bajamushe ne. Malam ya zaro jan biro ya gyara wuri bakwai, ina ƙirgawa.

Da aka kira Malam na bi shi, don masinja ba ya jiran izni. Daraktan ɗan ƙasar ne, bai wuce talatin da biyar ba. Ya dubi hoto, ya dubi Malam, ya sake duban hoto.

"Ɗanka ne ya aiko ka?"

"Ni ne, shekara talatin da suka wuce. Yanzu ina da hamsin da bakwai."

Daraktan ba mugu ba ne. Ya miƙe ya ba shi kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ya ce, "Baba, ba ni da iko. Masu makaranta fuska suke so, wadda iyaye za su gani daga bakin ƙofa su kawo 'ya'yansu."

Na yi masa kiran girma irin nasu na Faransanci, na ce, "Mushe, ka ba shi aji minti goma tak. In yara ba su hito suna Turanci ba, ni ka kore ni."

Ya yi murmushi ya ce ai ni ma bai ɗauke ni ba.

Baturen suka ɗauka. Da muka fito Malam ya ba shi hannu, ya ce masa in ya shiga aji ya fara tambayar yaran baya, ya kuma bar masa jan biron. Muka yi tafiya mai ɗan tsawo, har muka zauna gindin wata bedi. Malam ya dubi ɗaurin takardunsa ya ce, "Garba, ko igiyar bai kwance ba."

Bayan la'asar muka iske fatake huɗu a zauren Alhaji Mamman, cikinsu har da shi mai gidan da Alhaji Kaka na motar jiya. Labarin jan gemu ya riga mu zuwa. Suka ce tun da kuɗi ya yi yawa a Nijeriya suke kora shanu har Ikko, kuma duk takardar hanya da Turanci take, suna dangwala yatsa ga abin da ba su iya karantawa. Sun taɓa ɗaukar wani saurayi ya koya musu. Rana ta biyu ya ce wa Alhaji Mamman ya miƙe tsaye ya maimaita, shi ke nan makaranta ta tashi.

Alhaji Mamman ya ce, "Da furfurarmu ba mu zama gaban ɗan cikinmu. Amma kai in ka ce in maimaita, sai in maimaita."

Alhaji Kaka ya ce, "Mutumin da anka miƙa ma limanci ya ce ba nashi ba ne, shi za mu nuna ma takardunmu."

Malam bai yi tsalle ba. Zaure ba aji ba ne, albashin da suka faɗa kuma bai kai na gwamnati ba. Amma akwai ɗaki biyu a bayan gida, akwai abinci, autarsa za ta gama karatu. Ya tambayi coci, suka ce akwai ɗaya bayan kasuwa. Ya daɗe yana juya hula a hannu, sa'an nan ya ce, "Ina son allo. Kuma wanda ya makara zai tsaya a waje, ko Alhaji ne."

Alhaji Kaka ya ce, "Mun yarda. Mu ma da sharaɗinmu. Gemun nan in ya tsiro, a bar shi hwari."

Juma'a

Wuni na yi ina haɗa allo. Na samo katako, na fasa tsohon batirin tocila, na murza baƙin cikinsa da ɗanyen ganye kamar yadda nake yi a makaranta. Baƙin da na fito nema tun daga Sakkwato sai ga shi na samu, amma a jikin katako. Da yamma na zauna bakin taga, wurina na da, na ji dattawa huɗu suna bin bakin Malam, Alhaji Mamman ya fi kowa ƙara.

Asabar: Tawa zuwa gida

Ƙarfe shida na tashi ni kaɗai, Malam ya rako ni tasha da wasiƙa. Sha biyu ina Ƙonni, ɗaya da rabi na ƙetare iyaka. Dogon sojan yana nan a shingensa. Na ce masa ganyen da ya karɓa ya ba matarsa ta rina zane. Shida da rabi na sauka Sakkwato, ban nufi gida ba sai da na biya wajen Saratu.

Ta leƙa bayana ta ce, "Ina saurayin nawa?"

Na ce, "Saurayi bai samu aiki ba. Tsohon ne ya samu. Ya ce ki ɗaure kaya, ki taho mai da tabarau nashi na biyu da kwalin alli."

Ta karanta wasiƙar a tsaye, ta yi kuka, ta share ido, ta ga hannuwana, ta koma dariya.

A gida Tumba ba ta ko amsa sallamata ba sai da ta kamo hannuna ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Mi nac ce maka?" Na ce ban ji ba. Ta ce ta sani.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alhaji Mamman da Alhaji Kaka, da matar mai masaukin Ƙonni da ta faɗa mana gaskiya da sassafe. Lallen ya yi wata biyu kafin ya bar farcena. Ranar da ya ƙare sai ga wasiƙa daga Tawa, da sabon hoton Malam a gaban allona, gemu ya fito fari fat, Saratu tana gefensa, ba wanda ya sa mata almakashi.